Sanyin da Ba Mura Ba

Kaɗaici ne ya kai ni kulob ɗin nan. Yara sun tafi jami'a, maigidan an mayar da shi aiki Kaduna sai ƙarshen mako nake ganinsa, ni kuma in na taso daga ma'aikatarmu sai in tarar gida ya yi min faɗi. Abuja ba Kano ba ce da za ki leƙa maƙwabta a ba ki labarin unguwa kyauta. A nan sai ki shekara ba ki san muryar maƙwabcinki ba, sai dai ƙarar janaretonsa. Wata abokiyar aikina ce ta ja ni, ta ce ƙungiya ce ta masu taimakon al'umma, suna haɗuwa duk mako a wani otal.

Ranar farko saura ƙiris in yi dariya a gaban mutane. Manya-manyan mutane, daraktoci da lauyoyi da likitoci, ana kaɗa musu ƙararrawa kamar 'yan firamare, shugaba kuma ya rataya wata sarƙa a wuya wadda ko amarya sai ta yi shawara kafin ta saka. Amma da na zauna na ga su ne dai ke haƙa rijiya a inda gwamnati ta manta da akwai mutane, sai na haɗiye dariyata. Har yau ina cikinsu, kuma har yau sarƙar nan ba ta daina ba ni dariya ba.

A shekarar da zan ba da labari, aikinmu Mpape ya faɗa. Wanda ya saba bi ta Maitama yana hango ta a kan tudu, rufin kwano ya hau rufin kwano, amma ni ban taɓa shiga ba sai lokacin. Unguwar da muka je tana can ƙurya, bayan inda ake fasa dutse. Mota takan kai ki wani wuri ta ce iyakarta ke nan, sauran sai ƙafa, ta wata siririyar hanya tsakanin ɗakunan haya. In aka tashi nakiya a wurin fasa dutsen, har cikin haƙoranki za ki ji. Mutanen wurin leburori ne da 'yan tireda da masu gadin gidajenmu da masu yi mana wanki. Har masinjan ofishinmu na ci karo da shi yana fitowa daga wani lungu da buta, muka gaisa kowa na jin kunyar ɗan'uwansa. Kaf layin nan masai ɗaya gare su, rami ne da aka kewaye da tsohon langa-langa a bakin kwazazzabo, nesa da gidaje. Da damina in ya cika sai ya gangara rafin da mata ke ɗibar ruwan wanki. Muka yanke shawarar gina musu banɗakuna na zamani da bohol, mu kuma kawo likitoci su duba mutane kyauta.

Aka tara jama'a a ƙofar gidan mai unguwa. Wanda ya yi jawabi a madadinmu Barista ne, wani lauya ɗan kudu da ya tashi a barikin soja a Zariya. Mutum ne mai son jama'a, yana kuma ji da Hausarsa fiye da yadda Hausar ke ji da shi. Mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Na sha tsokanarsa a kan haka, shi kuma ya ce Hausar Kano ce ta cika iyayi. Ya bayyana musu cewa za a yi ginin a bakin hanya, inda tifa za ta iya sauke yashi. Bai faɗi ɗaya dalilin ba, wato a bakin hanya ne allo mai sunan kulob zai fi fitowa a hoto.

Sai wata mata ta miƙe daga cikin mata, doguwa, baƙa, za ta kai shekara hamsin. 'Yar Filato ce, Kirista, mijinta ya rasu, tana sayar da shinkafa da wake ga masu aikin dutse, ita ce kuma shugabar matan zumunta a cocinsu. Kowa Maman 'Yan Biyu yake ce mata, saboda tagwayen 'ya'yanta mata da ba su daɗe da gama sakandare ba.

"Oga, sannu da ƙoƙari," ta ce. "Amma bakin hanya ai wurin mai shayi ne. Maza suna zaune can tun safe. Wane mace ne zai ɗauki bokiti ya wuce gabansu, kowa ya san inda za shi? In kun gina a can, maza za su gode maku, mu kuma za mu ci gaba da zuwa rami."

Barista ya ce ai tifa ba za ta iya shigowa cikin layi ba.

"Tifa ya sauke a hanya," ta ce, ta dafa tsakiyar kanta. "Muna da kai."

Mata suka ɗauki guɗa, magana ta ƙare. Aka zaɓi wani ɗan fili a tsakiyar gidaje, kusa da ƙofar ɗakinta. Da za mu tafi ta dubi ƙafata, ta ce, "Hajiya, ran da za ki dawo ki bar wannan takalmi a ofis. Nan ba a hawa shi da ƙusa." Ni ba na ɗaukar raini, duk ma'aikatarmu an shaide ni, amma na ji matar ta kwanta min a rai nan take. Ban sani ba a ranar cewa akwai ciwon da ke cin ta a ɓoye, kuma saboda shi ne ta fi kowa matsuwa a yi ginin.

Kafin a sa harsashi muka yi ranar duba marasa lafiya. Aka kafa rumfuna a wani fili, muka sha riguna iri ɗaya da hulunan hana sallah, har da ni a kan ɗankwali. Teburin rabon gidan sauro aka ba ni, wurin da ya fi ko'ina rigima, don an san ina da baki. Likitocin da suka zo yawancinsu matasa ne 'yan kudu, ba sa jin Hausa, sai Barista ya ja kujera kusa da ɗaya daga cikinsu yana yi masa tafinta. Babu labule, babu ɗaki. Mai ciwo na magana, na bayansa a layi yana ji.

Abin da ya faru a teburin nan ban gani ba, daga baya Maman 'Yan Biyu ta ba ni labari da bakinta. Da layi ya zo kanta ta zauna, Barista ya ce, "Mama, menene yana damun ka?" Ta dubi likita, yaro ne sa'an ɗan cikinta. Ta dubi Barista, namiji ne. Ta waiga, ga leburori biyu da take zuba wa abinci kullum suna tsaye a bayanta. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Sanyi ne, oga."

Duk macen da ta tashi da Hausa, Bakanuwa ce ko 'yar Filato, ta san abin da 'yar'uwarta ke nufi in ta rage murya ta ce sanyi. Ciwon mara ne da abin da ke fita ta gaban mace, wanda baki ba ya iya faɗa a bainar jama'a. Kalma ce ta rufin asiri, ki faɗe ta, mai ji ya gane ya ja ki gefe. Barista kuwa sanyin da ya sani shi ne na watan Disamba. Ya juya ya gaya wa likita da Turanci cewa mura ce. Likita ya ce a tambaye ta ko tana tari. Ta ce wani lokaci, to wa ke zaune kusa da ƙurar dutse ba ya tari? Aka ba ta kwalbar maganin tari da ƙwayar ciwon jiki. Barista, don tsabar kirki, ya ƙara mata da shawarar ta riƙa sa suwaita, ta daina wanka da ruwan randa.

Ta biyo ta teburina ta ɗaga min kwalbar, ta ce, "Hajiya, an ba ni magani." Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na miƙa mata gidan sauro, wata kuma ta riga ta kama ɗaya gefen tana ja.

Da ruwa ya ɗauke aka fara gini. Kulob ya ɗora min kula da aikin, don haka duk Asabar ina Mpape, da silifas. Tifa ta sauke yashi da bulo a bakin hanya kamar yadda aka yi, mata kuma suka cika alkawari. Za ki gan su a jere a siririyar hanyar nan, kowacce da kwanon sarki a ka, matan zumunta na rera waƙoƙin coci da Hausa, Musulman layin na biye da hijabansu a ɗaure a ƙugu, tun suna yin shiru har suka koyi amshi. Maman 'Yan Biyu ce a gaba. Ta sauke tukunyar abincinta tun da safe, ta bar wa tagwaye sayarwa, ta ɗauki kwano. In magini ya yi sanyin jiki ta tsaya a kansa har sai ya ji kunya. Ni da nake wakiliyar kulob ban kai ta zafi ba.

In rana ta take sai mu zauna a kan bulo, ta zubo min shinkafa da wake da soyayyen barkonon da sai na yi hawaye. Ta ce cikin 'yan Maitama lalatacce ne, ko da yake na sha gaya mata ni ba a Maitama nake ba, albashina bai kai can ba. Ni kuma in tsokane ta da Hausarta, in ce ita da Barista malami ɗaya ya koyar da su. Ta ce ita Hausarta ta coci ce, Allah yana ji, ba ruwansa da "ta" da "ya". A zaman nan na san labarin mijinta da ciwon ƙirji ya kashe bayan ya daɗe yana aikin dutse. Na san burinta a kan tagwaye, ɗaya na son aikin jinya, ɗaya ɗinki. Ita ma ta san nawa, har abin da ban gaya wa 'yan'uwana ba, na zaman gida ni kaɗai da yadda nake kunna rediyo don kawai in ji muryar mutum. Ban yi ƙawa irinta ba tun da na zo garin nan.

A hankali na fara lura. Wuyanta ya zurma. In ta sauke kwano sai ta kama ƙugu ta daɗe a tsaye tana cije leɓe. Ta koma fesa wani turare mai ƙarfi, ita da ban santa da turare ba, kuma duk inda za ta zauna sai ta shimfiɗa guntun kwali nata na kanta. In na tambaya ta ce gajiya ce. Wata Asabar ta miƙe daga kan bulo za ta yi wa magini faɗa, sai na ga bayan zaninta ya ɓaci da jini, kwalin ma ya jiƙe. Na tashi na tsaya a bayanta na kare ta, na tura ta har ɗakinta, na saki labule.

"Mama, ba ke kika ce min kin daɗe da daina al'ada ba?"

"Ya tafi, ya dawo."

"Ba ta dawowa. Tun yaushe kike ganin wannan?"

"Tun kafin ku zo." Ta zauna a bakin katifa. "Sanyi ne, Hajiya. Ramin can ne ya ba ni. In mace ya tsuguna, tururi yana tashi ya shiga jikinshi. Duk matan layin nan sun san haka. In an gama sabon, na daina zuwa can, zai warke. Saura kaɗan ai."

Ashe duk yashin nan da take ɗauka, magani take nema. Na ce to me ya hana ta gaya wa likita ran da muka kawo su har ƙofar gida? Ta ce ai ta faɗa. A nan ta ba ni labarin teburin Barista tiryan-tiryan. Na tambaye ta, da ta ga maganin tari ne ba ta gane an yi kuskure ba?

"Na shanye shi duka," ta ce. "Na ce ko maganin likita haka yake, ka sha ta sama ya je ya yi aiki a ƙasa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, a kan ledar ɗakin, da lesina da komai.

A kulob ɗinmu akwai wata likitar mata, 'yar Adamawa, mai ƙarancin magana, Dakta kawai muke ce mata. Ranar Litinin ban je ofis ba, na ɗauki Maman 'Yan Biyu na kai mata. Ta daɗe da ita a ciki. Da ta fito tana cire safar hannu, tun kafin ta buɗe baki na sha jinin jikina. Ta ce sai an yi gwaje-gwaje, amma ita idonta ya riga ya gaya mata. Gwaji ya fito ya tabbatar: kansar bakin mahaifa ce, kuma ta yi nisa.

Na tambaye ta abin da ke cin raina. Na ce da an gane tun ranar rumfa fa?

"Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba," ta ce. "Ko a ranar ma ba sabuwa ba ce. Amma watannin nan da suka wuce, da ina da su a hannuna, na san abin da zan yi da su."

Dakta da kanta ta zaunar da ita ta yi mata bayani da Hausa tsantsa. Ta ce ba tururin rami ba ne, ba a ɗaukar wannan ciwo a masai, ba a kuma barin sa a masai wani ya ɗauka. Maman 'Yan Biyu ta saurara da hannu a cinya, ta ce, "To." Na ɗauka ta gamsu.

Ranar taron kulob ban jira ƙararrawa ba. A wurin ajiye motoci na tare Barista yana fitowa da kwat ɗinsa, na yi masa tatas. Na gaya masa Hausa ba wasan yara ba ce, na ce wanda bai san zurfinta ba ya daina shiga tsakanin mai ciwo da likita. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Yana tsaye tsuru-tsuru, bai ma gane wace mata nake nufi ba sai da na ce mai "muna da kai".

"Sanyi," ya ce. "Hajiya, sanyi ba cold ba ne?"

Na yi masa bayani da Turanci ɓaro-ɓaro. Sai ya jingina da mota, ya sulale ya zauna a kan dakalin siminti, mutum mai jiki, mai furfura. Can ya ce, "Ni na ce masa ya sa suwaita." Ko a nan bai iya cewa "mata" ba, kuma wannan karon ban ji dariya ba. Fushina ya rasa inda zai sauka. Na tsaya a kansa ina huci, shi yana share ido da bayan hannu, masu gadin otal suna kallonmu.

Da aka nemi jini za a ƙara wa Maman 'Yan Biyu, shi ya fara miƙa hannu. Ya je gaishe ta a asibiti, ya kasa shiga, sai da ta aika a kira shi. Ta ce masa yanzu jinin lauya ne a jikinta, duk mai neman rigima a layi ya yi hankali. Ya so ya roƙe ta gafara ta katse shi, ta ce, "Oga, kai namiji ne, ina za ka sani?" Tun daga nan kulob bai sake kafa rumfa ba tare da ɗakin mata mai labule ba, mace ke dubawa, mace ke tafinta. An gano wasu matan da wuri, an yi musu magani, suna nan da ransu. Barista bai ƙara yin tafinta ba. Ni ma Turanci yake min yanzu, kuma ban zaci zan yi kewar karyayyiyar Hausar nan haka ba.

Ita kuwa aka yi mata gashi da na'ura, aka yi ƙarin ruwa da ƙarin jini, ta sha wuya ba kaɗan ba. Tana kwance a asibiti aka yi rufi, aka sa ƙofofi da tayil, aka ja famfo. Kullum na je sai ta tambaye ni inda aka tsaya, ta ce in sa ido a kan maginin nan, hannunsa yana da saurin ɓatar da siminti. Daga ƙarshe Dakta ta kira ni gefe ta ce sun yi iyakar yinsu, abin da ya rage a rage mata zafi, ta koma cikin 'ya'yanta.

Farkon damina aka yi bikin buɗewa. Balan-balan, ƙyalle a ƙofa, shugaba da sarƙarsa, masu hoto kamar ana ɗaurin aure. Matan zumunta suka fito da anko suna kaɗa tulu. Aka zaunar da Maman 'Yan Biyu a kujerar roba a gaba, zaninta na zumunta ya zagaye ta ya yi saura. Da aka yanke ƙyalle, shugaba ya ce babu wanda ya cancanci ya fara sa ƙafa sai ita. Ta ɗaga hannu ta ce, "Oga, wane ne yake shiga bayi a gaban kyamara?" Wuri ya kaure da dariya, har da ni. Na ce a raina matar nan ko ciwo bai kashe mata baki ba.

Bayan bikin da ɗan lokaci, wata Asabar da safe, na hau da kunun gyaɗa a fulas. An kwana ana ruwa, hanya ta yi santsi. Na tarar da ɗakin ba kowa sai ɗaya daga cikin tagwaye a bakin ƙofa, idonta ja. Na ce ina Mama? Ta nuna min ƙasa da baki, ta ce, "Ta tafi rami."

Na dubi sabon gini, ga shi nan ƙofa da ƙofa da ɗakinta, ko jifa ba a yi. Na ajiye fulas na gangara. A tsakiyar hanyar kwazazzabo na same su suna dawowa, sanda a hannu ɗaya, ɗaya 'yar ta riƙe ta ta ɗaya gefen. Gwiwoyinta duk taɓo, alamar ta faɗi. Yarinyar ta ce tun da aka sallamo ta haka take yi, ba ta taɓa shiga sabon ba, sun yi kuka sun yi roƙo ta ƙi.

Raina ya ɓaci, na manta da mara lafiya nake magana. Na ce, "Mama, wannan wane irin taurin kai ne? Kin kashe kanki a kan ginin nan, an gama, kin tsallake shi kina zuwa nan ki karye? Ba a gabana Dakta ta ce miki ba a ɗaukar ciwon nan a banɗaki ba?"

Ta jingina da sanda sai da numfashinta ya dawo.

"Likita ya faɗa, na ji," ta ce. "Wancan ma likita ne, Hajiya, ya ba ni maganin tari. In wannan ma bai gane ba fa? 'Ya'yana suna shiga wurin. 'Ya'yan mutane suna shiga. Na ɗauko yashi a kaina don kar su samu abin da na samu, sai kuma ni in kai masu shi har ciki?"

Ina da amsa, amsar gaskiya ma, ta kimiyya. Amma mu ne muka fara ba ta amsar da ba daidai ba, da rigunanmu iri ɗaya, da me zan rantse mata cewa wannan karon mun gane? Na kama ɗaya hannun muka hau da ita a hankali.

Ban haƙura nan da nan ba. Na hau da Dakta har ɗakinta ta sake yi mata bayani. Na sa matar fasto ta yi mata magana. Kowa ta saurare shi ta ce "To", gari ya waye ta ɗauki sandarta. Da ƙafa ta ƙi sai aka koma fo a ɗaki, shi ma ta kafa doka a rami za a zubar, kuma sai yarinya ta ɗaura leda a hannu. Daga nan na daina gardama. Ba gamsuwa na yi ba, na ga dai wannan ne kaɗai abin da ya rage mata da take yi wa 'ya'yanta, ban da zuciyar ƙwace shi.

Zuwana na ƙarshe da yamma ne, ana yayyafi. Ta zama ƙashi da fata, muryarta sai na sunkuya nake ji. Ta jikin bango ana jiyo ƙarar famfo yana zuba a bokiti, da hirar mata suna jiran juna, wata na yi wa wata tsiya ta daɗe a ciki. Ta kasa kunne tana saurare, ta daɗe. Sannan ta ce, "Hajiya, gaya mani yadda cikin bayin yake."

Sai a lokacin ya faɗo min cewa ba ta taɓa gani ba. Bulo tsirara ta bari ta tafi asibiti. Sai na fara. Na ce tayil fari ne har rabin bango, sama an yi fenti ruwan ƙwai. Kowane ɗaki da famfonsa a ƙasa daidai hannu. Akwai 'yar taga a sama, haske na shiga, iska na shiga, amma ba mai iya leƙe. Ɓangaren wanka daban. Ta lumshe ido tana gyaɗa kai.

"Ƙofa yana da sakata?"

"Kowacce tana da ita, ta ciki."

"Ƙasa ba santsi? Saboda masu ciki."

"Mai kaushi aka sa. Na taka da kaina, da ruwa a kai."

"Ba wari?"

"Babu, Mama. Matan layi sun raba kwanan wanki, ba sa fashi."

"To madalla," ta ce. "Kun yi ƙoƙari."

Na ce ita ta yi. Na ce ta bari ni da tagwaye mu ɗauke ta a kujera, ba sai ta shiga ba, ta leƙa daga bakin ƙofa kawai, ta ga aikin hannunta. Ina faɗa hawaye na zuba, ban ɓoye ba. Ta buɗe ido ta dube ni, ta ɗan girgiza kai a kan filo.

"Bar shi da tsabtarshi," ta ce.

Ba ta kai wata Asabar ɗin ba. Na yi rashi a rayuwata, na binne uwa da uba, amma wannan mutuwar ta tsaya min a wani wuri da har yau bai warke ba. Filato aka kai ta, garinsu. Da yake mota ba ta shiga layin, a kafaɗa maza suka fito da akwatin, Barista na cikinsu da kwat ɗinsa, kuma hanya ɗaya ce zuwa titi, ta gaban ginin. Matan da ke jiran layi suka ajiye bokitansu suka ja gefe, wata ta miƙa hannu ta kashe famfo. Aka wuce da ita.